Me Ya Sa Iskar Kan Tsauni Ba Ta Ƙosarwa?

Ranar 1 ga Afrilu 2009, Boliviya ta lallasa Ajantina da ci 6 da 1 a birnin La Paz, a wasan neman gurbin shiga gasar cin kofin duniya. Maradona ne koci, Messi kuma yana cikin fili. Filin wasan yana kan tudu mai tsayin kusan mita 3,600 daga doron teku, kuma duk wanda ya ga yadda baƙin ke dafa gwiwa suna haki ya san ba iya taka leda kaɗai ke aiki ba. Tun a 2007 hukumar FIFA ta hana buga wasannin ƙasa da ƙasa a wuraren da suka haura mita 2,500, sannan ta janye dokar a shekara mai bi bayan ƙasashen tsaunukan Andes na Kudancin Amurka sun yi mata ca. Bayanin da ke bakin kowa shi ne wai oksijin ya yi ƙaranci a can sama. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma an faɗe ta a dunƙule, kuma dunƙulewar nan ce ke kai mutane ga fahimtar abin a karkace, har su ɗora laifi inda babu shi su manta da inda haɗarin yake.

Idan aka ɗebi iskar Legas a kwalba, aka ɗebi ta ƙololuwar Dutsen Eberest a wata, aka auna, za a tarar kason oksijin a cikinsu kusan ɗaya ne: kashi 21 cikin 100, sauran kuwa mafi yawansa naitirojin ne. Guguwa da kaɗawar iska suna cuɗa sararin samaniya ba dare ba rana, shi ya sa wannan kaso ba ya wani sauyawa har nisan kilomita 80 ko fiye, can nesa sama da inda jiragen fasinja ke bi. Abin da ke raguwa shi ne matsin iska. Iska tana da nauyi, kuma wadda ke sama tana danne wadda ke ƙasa, kamar buhunan auduga da aka jibga a sito: na ƙasa ya matse ya yi tauri, na sama kuwa yana nan sako-sako. Auduga ɗaya ce, amma damƙa guda daga buhun ƙasa ta fi damƙa guda daga na sama yawa. Wanda ya ja numfashi a kan tsauni ya cika huhunsa kamar kullum, sai dai abin da ya shiga bai kai na ƙasa ba.

An daɗe da gano wannan. A 1643 Torricelli ya ƙirƙiro ma'aunin matsin iska a Italiya da bututun gilashi da zaiba. A watan Satumba na 1648 Florin Périer, bisa roƙon surukinsa, masanin kimiyya Pascal, ya hau dutsen Puy de Dôme a Faransa da irin wannan ma'auni, ya ga zaibar tana sauka yayin da shi yake hawa. A bakin teku iska tana ɗaga zaiba milimita 760. A Jos, mai tsayin kusan mita 1,200, abin da ya rage bai wuce kashi 87 cikin 100 na wannan ba. A Addis Ababa kusan kashi uku cikin huɗu ne, a La Paz kusan biyu cikin uku. Da an kai mita 5,500 rabi ya tafi. A ƙololuwar Eberest, mita 8,849, kashi ɗaya cikin uku kawai ya saura.

Dalilin da ya sa wannan ya shafi jiki shi ne, babu wani famfo a huhu da ke tura oksijin cikin jini. Bambancin matsi ne ke sa shi ya ratsa siririyar fatar huhu ya shiga jijiya. In matsin ya yi ƙasa, ratsawar ta yi rauni. Wani masanin Faransa, Paul Bert, shi ya tabbatar da haka da gwaje-gwaje a ɗakin da ake zuƙe wa iska, ya wallafa sakamakonsa a 1878. Kafin nan, a watan Afrilu na 1875, mutum uku sun tashi daga Faris a balan-balan mai suna Zénith, suka kai kusan mita 8,000. Suna da oksijin a jakunkuna, amma hankalinsu ya gushe kafin su iya kai bututun baki. Biyu suka mutu, Gaston Tissandier kaɗai ya sauko da rai. Wannan ne mugun halin ƙarancin oksijin: ƙwaƙwalwar da za ta gane ana cikin haɗari ita ce ta fara tafiya.

Akwai wani ragi da ba a cika ambata ba. Duk iskar da ta shiga maƙogwaro sai jiki ya ɗumama ta ya cika ta da danshi kafin ta isa huhu. Wannan danshin yana cin milimita 47 daga cikin matsin, ko a bakin teku ko a kan dutse, domin zafin jiki bai sauya ba. A ƙasa, 47 cikin 760 ba wani abu ba ne. A kan Eberest kuwa kusan kashi ɗaya ne cikin biyar na duk abin da ake da shi. Saboda haka matsin oksijin da ke isa hanyar huhu yana faɗowa daga kusan milimita 149 a bakin teku zuwa kusan 43 a kan Eberest. A 2007 wata tawagar likitoci daga Birtaniya ta ɗebi jinin mahaya huɗu a tsayin mita 8,400 suna kan hanyar saukowa, aka samu matsakaicin matsin oksijin a jininsu bai kai 25 ba, alhali na lafiyayyen mutum a ƙasa yana kusa da 100. Da a asibiti aka ga wannan adadi, sai a ce mai shi yana bakin mutuwa. Su kuwa da ƙafafunsu suka sauko.

Yanzu ga inda lamarin ya fi ban sha'awa a wurina. Tsayi ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba. Duwatsu biyu masu tsayi ɗaya suna iya bambanta a yawan iskar da ke kansu, dutse ɗaya ma yana iya sauyawa daga wata zuwa wata.

Na farko shi ne inda dutsen yake a doron duniya. Iska mai ɗumi tana buɗewa ta miƙe sama, mai sanyi kuwa tana tsukewa ta kwanta ƙasa. A yankin ikweta, inda rana ke duka sosai, shimfiɗar iskar da ke ɗauke da gajimare da ruwan sama tana kai kilomita 16 ko fiye. A ƙuryar arewa da ƙuryar kudu ta duniya ba ta wuce kilomita 8 ko 9 ba. Wato idan mutum ya tsaya a mita 6,000 kusa da ikweta, iskar da ta rage a bisa kansa tana danno shi ta fi ta wanda ya tsaya a mita 6,000 a Alaska yawa. Shi ya sa mahaya ke cewa Dutsen Denali na Alaska, mai mita 6,190, yana wahalar da ƙirji fiye da yadda tsayinsa ya nuna. Tashar bincike ta Amurka da ke tsakiyar ƙuryar kudu tana kan ƙanƙara mai tsayin mita 2,835, amma jikin ma'aikatanta yana ji kamar sun haura 3,000. Kilimanjaro na Tanzaniya kuwa, mai mita 5,895, yana dab da ikweta, kuma wannan rangwame ne ga dubban baƙin da ke hawansa kowace shekara, ko da yake da yawansu gaggawa tana cinye musu rangwamen.

Eberest shi ma ya ci wannan gajiya, tunda yana kan digiri 28 ne arewa da ikweta. Jadawalin da masu harkar jiragen sama ke aiki da shi ya yi hasashen matsin ƙololuwarsa zai kasance milimita 236, kuma bisa irin wannan lissafi masana da dama suka ɗauka ɗan Adam ba zai kai can ba sai da tukunyar oksijin, kamar yadda Edmund Hillary da Tenzing Norgay suka yi a 1953. Sai ga Reinhold Messner da Peter Habeler sun hau ba tukunya ranar 8 ga Mayu 1978. A watan Oktoba na 1981 wani likita daga tawagar binciken da John West ya jagoranta, Christopher Pizzo, ya kai ma'auni har ƙololuwa, ya karanta 253. Milimita 17 ne tsakanin hasashe da zahiri. A ƙasa wannan bambanci ko a jikin mutum, amma a wurin da jiki ke gab da iyakarsa, shi ne tsakanin iya ɗaga ƙafa da kasawa. West ya nuna cewa da dutsen yana can arewa inda Denali yake, da wuya a ce wani ya taɓa hawansa da huhunsa kaɗai.

Na biyu shi ne lokacin shekara. Da hunturu iskar yankin Himalaya tana yin sanyi ta tsuke, matsin ƙololuwa ya sauka da kusan milimita 10 ko fiye idan aka kwatanta da tsakiyar damina. Mafi yawan masu hawa suna zaɓar watan Mayu saboda a lokacin ne guguwar sama ke kaucewa kafin ruwa ya sauka, amma suna samun ƙarin iska a matsayin gyara. Messner ya sake hawa shi kaɗai a watan Agusta na 1980, lokacin da matsin ya fi yawa a shekara. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne Ang Rita Sherpa, ɗan Nepal, da ya kai ƙololuwa ba tukunya ranar 22 ga Disamba 1987, a lokacin da iskar ta fi siranta. Sunansa bai karaɗe duniya kamar na Turawa ba, kuma wannan rashin adalci ne da ya daɗe yana bin 'yan ƙabilar Sherpa, masu ɗaukar kaya da kafa igiya da ceto waɗanda suka biya kuɗi suka zo.

Na uku shi ne sauyin yanayi na kwana da kwanaki. Hadari da guguwa suna tafe da faɗuwar matsi. A Kano faɗuwar nan sai dai ma'auni ya nuna ta, a mita 8,000 kuwa ƙirji ne ke fara sani. Ranakun 10 da 11 ga Mayu 1996 guguwa ta rutsa da mahaya a saman Eberest, mutum takwas suka rasu, kuma daga baya Kent Moore na Jami'ar Toronto ya nuna cewa matsin iska ya faɗi a daidai lokacin, abin da ya ƙara wa mutanen da suka riga suka galabaita ƙarancin oksijin a kan sanyi da duhu. A 2019 aka kafa tashoshin auna yanayi a kafaɗar dutsen, ɗaya a sama da mita 8,400. Binciken da Tom Matthews da abokan aikinsa suka fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin rana mafi sauƙi da rana mafi tsanani, bambancin iskar ƙololuwa daidai yake da a ce an ƙara wa dutsen ko an rage masa fiye da mita 700. Wannan binciken ya kuma nuna cewa ɗumamar duniya tana ɗan ƙara matsin a can sama, tunda iska mai ɗumi tana miƙewa. Kada wannan ya faranta wa kowa rai. Ɗumamar da ta ba mahayi ɗan ƙarin numfashi ita ce ke narkar da ƙanƙarar da ke shayar da kogunan Indus da Ganges da Brahmaputra, waɗanda ɗaruruwan miliyoyin manoma suka dogara da su.

Zafin rana a wuri guda kuma yana da nasa tasirin daban, kuma inji ya fi jin sa. Iska mai zafi ba ta da kauri, saboda haka fiffiken jirgi ba ya samun abin riƙo, injin kuma ba ya samun isasshen oksijin na ƙona mai. Filin jirgin saman El Alto da ke bisa La Paz yana sama da mita 4,000, titin tashinsa kuma ya kai kilomita 4, don jirgi sai ya yi dogon gudu kafin ya ɗaga. Injin mota na gargajiya yana rasa kusan kashi 10 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 1,000. Direban da ya hau Mambila da kaya ya ji motar tana nishi, ba gangara da kwana kaɗai ke damunta ba.

Sai batun itatuwa, wanda nan ne aka fi yin kuskure. Mutane suna ganin saman manyan duwatsu tandarƙal ba bishiya, sai su haɗa biyu da biyu su ce rashin tsiro ne ya jawo rashin oksijin. Sanyi da bushewa ne suka hana bishiya tsirowa a can, matsi kuma shi ya rage iskar. Abu biyu ne da suka haɗu a wuri ɗaya ba tare da ɗaya ya haifi ɗaya ba. Oksijin da ke sararin samaniya tari ne na ɗaruruwan miliyoyin shekaru, kusan rabin wanda ake samarwa yau ma daga ƙananan tsirran teku yake fitowa, kuma iska tana raba shi ko'ina. Da tsiron da ke kusa ne ke ba mutum numfashi, da babu wanda zai tsallaka hamadar Tenere zuwa Bilma da rai. Masu bincike a Sin da suka yi awo a tudun Tibet sun ga 'yan ƙananan bambance-bambance a kason oksijin tsakanin makiyaya mai ciyawa da fako, da tsakanin bazara da hunturu, amma idan aka ɗora su kusa da abin da matsi ke ragewa, ba su taka kara sun karya ba.

Gaskiya ne oksijin duniya yana raguwa saboda ƙona fetur da gas da kwal. Ralph Keeling na cibiyar Scripps a Amurka yana auna wannan tun ƙarshen shekarun 1980, kuma ragin bai wuce kusan ɗigo 4 cikin miliyan a shekara ba, daga cikin ɗigo 209,000. A wannan tafiya, asarar shekara ɗari ba ta kai ta wanda ya hau tudun mita 20 ba. Ina goyon bayan dashen itatuwa ɗari bisa ɗari, saboda zaizayar ƙasa da kwararowar hamada da inuwa da ruwan ƙasa. Amma mai faɗakarwar da ke tsorata jama'a da cewa iskar shaƙa za ta ƙare yana raunana hujjarsa ne da kansa, domin ranar da aka gano ba haka ba ne, har gaskiyar da ke bakinsa za a yi watsi da ita.

Inda kason oksijin ke faɗuwa da gaske shi ne inda wata iska ta kore shi, ko wuta ta cinye shi a rufaffen wuri. A daren 21 ga Agusta 1986, Tafkin Nyos da ke tsaunukan arewa maso yammacin Kamaru ya amayar da iskar kabon dayoksaid da ta daɗe tana taruwa a ƙarƙashinsa daga cikin dutsen mai aman wuta. Wannan iska ta fi ta shaƙa nauyi, sai ta bi kwaruruka ta kwanta a kan ƙauyuka da rugage. Mutum sama da 1,700 suka mutu, da dabbobi kusan 3,500, yawancinsu a inda suke kwance. Shekara biyu kafin nan Tafkin Monoun ya kashe mutum 37 ta irin wannan hanya. Tun 2001 aka fara sa bututu a Nyos don fitar da iskar sannu a hankali. Haka ramukan ma'adinai na Potosí a Boliviya da La Rinconada a Peru, garin masu haƙar zinariya mai tsayin kusan mita 5,100: matsi ya riga ya cinye kusan rabin oksijin, sannan a shiga rami mai ƙura da hayaƙin nakiya.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne kaskon gawayi. Wuri mai tudu wuri ne mai sanyi, domin zafi yana raguwa da kusan digiri 6 da rabi a kowace mita 1,000. Da hunturu a Jos ko Gembu, mutane sukan shigar da garwashi ɗaki su toshe ƙofa da taga. Gawayin da ke ci a iskar da ba ta wadata ba yana fitar da kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kama jini fiye da oksijin sau 200 ko fiye. Janareta a cikin gida ko a zaure shi ma haka. A ganina wannan ya fi duk labarin Eberest muhimmanci ga mai karanta wannan rubutu, domin yana kwantar da iyali guda a dare ɗaya, kuma ɗan buɗe taga da fitar da wutar ko janaretan waje kafin barci sun isa su hana.

Jiki yana da dabarunsa. Da isa tudu numfashi ke ƙaruwa, zuciya ta ƙara sauri, cikin makonni kuma ƙoda ta sa ɓargo ya ƙara jajayen ƙwayoyin jini. Gano yadda ƙwayoyin jiki ke jin ƙarancin oksijin shi ya ba masana uku, Kaelin da Ratcliffe da Semenza, kyautar Nobel ta 2019. Al'ummomin da suka shekara dubbai a tudu kowace da hanyar da ta bi. Mutanen Andes jininsu ya yi kauri da himoglobin, sinadarin da ke ɗaukar oksijin a jini, wani lokaci har ya wuce kima ya zama ciwon da likitan Peru Carlos Monge ya bayyana a shekarun 1920. Mutanen Tibet kuwa jininsu bai yi wannan kauri ba. Suna numfashi da yawa, jijiyoyinsu sun fi buɗewa, kuma an danganta wannan da wata ƙwayar gado mai suna EPAS1. Mazauna tsaunukan Habasha suna da tasu hanyar daban. Tun gasar Olamfik ta 1968 a birnin Meziko, mai mita 2,240, inda Kip Keino na Kenya da Mamo Wolde na Habasha suka ɗauki zinariya, masu gudun dogon zango suka mayar da garuruwan kan tudu irin su Iten na Kenya sansanin horo. Amma zaman tudu yana da farashi da ba a nunawa a talabijin: nauyin jarirai yana raguwa da kusan giram 100 a kowace mita 1,000, yaro mai ciwon huhu kuma yana shiga haɗari da wuri, a yankunan da sau da yawa asibiti mai oksijin ke da nisa.

Ƙasar Hausa shimfiɗaɗɗiya ce. Kano ba ta kai mita 500 ba. Dutsen da ya fi tsayi a Najeriya, Chappal Waddi a Taraba, mita 2,419 ne, na Bagzan a Abzin kuma ya ɗan haura 2,000, duka ƙasa da mita 2,500 inda ciwon tsauni ya saba farawa. Sai an je Emi Koussi a Chadi, mai mita 3,415, ko Dutsen Kamaru mai kusan 4,040, kafin a gamu da shi sosai. Amma mutanenmu matafiya ne. Ana yada zango a Addis Ababa, ana zuwa Abha ta Saudiyya da San'a ta Yaman, duka garuruwan kan tudu, kuma cikin jirgin sama kansa ana daidaita matsin ne kamar na tsayin mita 1,800 zuwa 2,400. Lafiyayye ba zai ji komai ba. Mai ciwon sikila kuwa, wanda Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu shi, ƙarancin oksijin da bushewar jiki suna iya lanƙwasa masa ƙwayoyin jini su tayar da ciwon. Ko mai rukunin AS da bai taɓa jin komai ba, an sha samun saifarsa ta toshe idan ya hau babban tudu ya yi aikin ƙarfi. Irin waɗannan, da masu ciwon zuciya ko huhu, ya kamata su ga likita kafin doguwar tafiya, su kuma yawaita shan ruwa a hanya.

Ga wanda zai hau da ƙafarsa, ƙa'idar likitocin tsauni ita ce bayan mita 3,000 kada wurin kwana ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, a kuma huta kwana ɗaya bayan kowane kwana uku ko huɗu. Ƙarfin jiki da ƙuruciya ba sa karewa, sau da yawa ma masu ji da ƙarfi ne ke faɗuwa saboda sun fi saurin hawa. Ciwon kai da tashin zuciya da rashin barci alama ce ta a tsaya. Tari mai kumfa, ko haki a zaune, ko tangaɗi da ruɗewa, alama ce ta ruwa ya taru a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, kuma a nan ba a jiran wayewar gari. A sauko da mutum nan take, ko da mita 500 zuwa 1,000 ne, tare da wani a gefensa, domin wanda ƙwaƙwalwarsa ta taɓu shi ne zai fi kowa rantsuwa cewa lafiyarsa ƙalau.